Allon tunawa da Baba: yanda muka kwashe da masu injin CNC a Bauchi

Duk wanda ya shiga ɗakin karatun nan na islamiyyar unguwarmu sai ya tambaye ni a ina aka sassaƙa allon da ke saman kantar littattafai, wasu ma cewa suke ai daga gani odarsa akayi daga Kano ko Abuja. To a nan cikin garin Bauchi akayi shi. Kuma tunda yanzu ya ci damina ɗaya da hunturu ɗaya a jikin bango, ina ganin zan iya faɗin gaskiyar yanda aikin ya kasance, daɗinsa da rashin daɗinsa. Sunan shagon dai bazan kama ba sabida akwai inda zan taɓa su, kuma mai wajen mutumin kirki ne bana son ace ta dalilina kasuwarsa ta samu tangarɗa.

Baba malamin makaranta ne, Hausa ya koyar, ya fara riƙe alli tun kafin a kawo UPE, shirin nan na ilimin firamare kyauta, a 1976, tun Bauchi bata zama jiha ba, har ya cika shekara 35 ɗinsa ya ajiye aiki. Allah ya masa rasuwa cikin azumin 2023. Abinda ya bari mai yawa littattafai ne, kwali kwali a ɗakinsa, da muka buɗe bayan wata shida sai muka tarar gara ta fara cin na ƙasa. Shine muka yanke shawara da Hajiya da su Yaya mu gyara wani ɗaki da ba'a amfani dashi a islamiyya mu zuba su a ciki, mu rataya allo mai sunansa don duk wanda ya ɗauki littafi ya masa addu'a. Ƙanwata taso a sa hotonsa, wai ta gani a Instagram ana sassaƙa fuskar mutum a katako. Baffa yace sam, ba da yawunsa ba, rubutu kawai. Aka tsaya a haka, kuma nima ban so hoton ba dama.

Da farko mai rubutu da fenti na nufa, irin masu rubuta sayinbod, sai wani abokina da ke harkar kujeru yace min fenti zai koɗe, in ina son abinda jikoki zasu tarar inje wajen masu CNC. Ban taɓa jin sunan ba. Yace inji ne da kwamfuta ke tuƙa shi, kai dai ka bashi zane shi kuma ya sassaƙa, irin wanda ake yin adon ƙofofi da kan gado na amare dashi yanzu.

Shagon ba wani babba bane, rumfar kwano ce mai zurfi, injin ya cinye rabinta. Wani shimfiɗeɗen tebur ne na ƙarfe, sunce 1325 ake kiransa sabida faɗinsa mita 1.3 tsawonsa mita 2.5, wato falle ɗaya na filawud mai ƙafa 4 da 8 zai kwanta a kai ɗas. Ƙirar Chaina ne. Akwai wata gada da ta ratsa teburin tana tafiya gaba da baya, a jikinta kuma kan injin yake, yana zuwa dama da hagu yana sauka yana hawa, shi ke riƙe da ɗan ƙarfen da ke yankan wanda suke cewa bit. A gefe naga bokitin fenti cike da ruwa da wani ɗan famfo a ciki da tiyo biyu sun hau sama, na ɗauka na wanke hannu ne, ashe shi ke sanyaya motar kada ta ƙone. Ƙura kam ba'a magana, har a gashin ido. Yaran wajen ba mai takunkumi ko ɗaya, ɗaya ne ya ɗaure hanci da tsohon hankici, kuma ƙurar MDF suke shaƙa wuni guda wadda gam ne da garin katako. Na faɗa ma ogan, yayi dariya yace Alhaji sun saba.

Inda ya fara burgeni shine maganar katako. Ni da niyyata in ce ayi da MDF ɗin tunda shi nake gani jibge kuma yafi araha. Yace a'a, in adon biki ne na kwana biyu zai min, amma abin tunawa da mahaifi bazai sa a MDF ba, ranar da ruwa ya taɓa shi ko rufi ya yi yoyo zai kumbura kaman burodi. Yace inje kasuwar Muda Lawal ɓangaren 'yan katako in nemi madaci ko iroko, busasshe, kauri inci ɗaya da rabi, kuma kar in yarda da wanda aka sauke daga mota kwanan nan komai kyansa. Ya koya min in ɗaga in ji nauyi, ɗanye yafi nauyi kuma zakaji sanyi a tafin hannu, in duba bakin katakon ko ya fara tsagewa, in kuma kalle shi ta tsawo da ido ɗaya inga ko ya murɗe. Har yaronsa ya haɗa ni dashi muka tafi tare a keke napep. Mun zagaya rumfa wajen shida kafin muka samu wani guntun madaci da ya daɗe a jingine can ƙuryar rumfa duk yayi ƙura, mai shi ma ya manta dashi, ₦14,000 na biya bayan ciniki. Da aka goge fuskarsa sai ga jan nan mai duhu ya fito, wallahi tun ba'a rubuta komai ba abin sha'awa.

Rubutun da muka tsara ba yawa. A sama ayar nan ta Suratu Ɗaha, aya ta 114, Rabbi zidni ilma, da Larabci. Ƙasanta da boko: wannan ɗakin karatu sadaka ce mai gudana ga marigayi, sai sunansa, sai shekarun haihuwa da rasuwa, sai layin ƙarshe, ya yi wa ƙasa hidima da alli, Allah ya jiƙansa. Girman allon santimita 60 da 40.

To a nan ne labarin yake.

Yaron da ke kan laftof, a CorelDraw suke zane sannan su kai wata manhaja da ke juya zanen ya zama hanyar da bit zai bi, da ya kwafo Larabcin ya liƙa sai haruffan suka rarrabu, kowanne ya tsaya shi kaɗai kuma suka juyo daga hagu. Kafin in buɗe baki ogan ya taso, yace subhanallah cire cire, aya ce fa. Ya zauna da kansa ya rubuta ta a wani wajen daban, ya maida ta zane yanda haruffan bazasu sake motsi ba, ya ƙirga ɗigo ɗigo da bakin biro a jikin sikirin, ɗigon ba a ƙasa, na zayi a sama, na nun a sama, biyun ya a ƙasa, sannan yace in tura ma malamin islamiyyar ya duba kafin a taɓa katako. Naji daɗin wannan ƙwarai, na ce lallai na zo wajen da ya dace.

Sai aka zo kan Hausa. Salon rubutun da suka zaɓa mai kyau ne, irin mai ƙafafu ɗin nan, amma bashi da ƙ bashi da ɗ, duk inda suke sai wani ɗan akwati ya fito. Yaron ko gezau, ya goge akwatunan ya sa k da d ya cigaba. Nace malam tsaya, ina lanƙwasar? Yace Alhaji ai kowa zai gane. Nace karanta min layin ƙarshe. Ya karanta daidai, jiƙansa, sabida bakinsa ya san abinda ake nufi. Nace a'a karanta abinda ka rubuta. Abinda ka rubuta shine Allah ya jikansa, jika, ɗan ɗansa, kaman ana tambayar lafiyar yarona. Kuma ƙasa ta koma kasa, mutumin da yayi ma ƙasa hidima ka maida shi wanda ya kasa. Duk shagon aka kwashe da dariya har da wani da yazo karɓar firam ɗin biki, amma ni ba dariya nake ba. Mutumin da za'a rubuta ma allon nan, in ka kai masa littafinka ba lanƙwasa a kan ƙ, da jan biro zai zagaye ta ya rubuta maka sake a gefe, mu 'ya'yansa ma ko wasiƙa muka aiko daga makarantar kwana sai ya ajiye ta in munzo hutu ya nuna mana. Ace shi za'a kafe ma kuskuren nan a bango da ƙusa?

Abin ya tsaya min a rai har yau. Mutum ɗaya, minti goma tsakani, ɗigon Larabci ya ƙirga shi da biro, kuma daidai yayi, amma ƙugiyar harshen da ya tsotsa a nono wai kowa zai gane. Ba shi kaɗai bane, ka bi titin Wunti zuwa kasuwa ka karanta sayinbod ɗin shaguna ka ƙirga nawa ne suka sa ta. Nima a waya da can bana sawa, sai bayan rasuwar Baba na sa kibod ɗin Hausa, kunya ce ta kamani.

Gyaran kuma ba wuya, akwai salon rubutu da suke da haruffanmu cikakku, irinsu Noto da ake saukewa kyauta, shi muka ɗauko. Ogan ya turo min hoton sabon zanen ta WhatsApp da daddare, na duba harafi harafi, na tura ma Yaya Babba shima ya duba, nace to bismillah a sassaƙa. Yace kwana huɗu in zo in ɗauka. Kuɗin aiki ya fara da ₦55,000 muka sauka a ₦42,000 har da fenti da banish, na bada rabi.

Kwana huɗu ya zama takwas. Yau ba wuta, gobe ana aikin ƙofar wani Alhaji da ke sauri, jibi bit ya karye an aika Kano. Wannan ban riƙe su da yawa ba, duk wanda ya taɓa kai ɗinki gab da sallah ya san hali, kuma lokacin ana saura sati biyu babbar sallah ne. Rana ta takwas aka kirani, na baro wajen aiki da azahar da murnata, aka ɗauko allon aka cire jaridar da aka naɗe shi, yayi kyau iya kyau, na kai ido layin ƙarshe sai ga Allah ya jikansa ɓaro ɓaro, an sassaƙa an cike da baƙin fenti yana ƙyalli.

Ashe fayil biyu ne a filash ɗin, tsohon da sabon, sunansu kusan ɗaya, yaron ya danna tsohon. Injin kuma ba ruwansa, abinda aka bashi shi zai yi, kuma zai yi shi da kyau ko da kuskure ne.

Raina ya ɓaci sosai, na faɗi maganganu da daga baya na bada haƙuri. Amma a nan ne zan yabi ogan. Bai ce laifin yaro bane, bai ce in ƙaro kuɗi ba, bai ma tsaya musu ba, ya ɗauko wayarsa ya duba hoton da na amince dashi yace Alhaji laifinmu ne. Ya fara kawo shawarar tsohon kafintan da ke maƙwabtaka dasu ya ƙara ƙugiyoyin da hannu, nace a'a zai fito daban. Sai yace to tunda katakon yana da kauri za'a fere fuskar gaba ɗaya, a cire kaman milimita 4 har rubutun ya ɓace, a sake daga farko, a kuɗinsa. Kunga amfanin inci ɗaya da rabin nan, da siririn katako na saya da sai dai a koma kasuwa. Ya kuma sa aka share teburin tas kafin a fara don a tara garin da ya fito daban tunda akwai aya a jiki, aka zuba min a leda, na kai ma malam ya ƙona ya binne tokar.

Karo na biyu nace ƙafata ƙafarsu, a gabana za'a yi. Kuma naji daɗin da na tsaya don gani ya kori ji.

Sun fara shafa ma fuskar wani ruwa mai toshe ƙofofin katako, ya bushe, suka manna farar sitika a kai gaba ɗaya. Aka ɗaure allon a tebur da sukuru ta gefe. Ogan ya sa bit mai baki kaman harafin V, yace digiri 60 ne, na ƙananan rubutu, na 90 kuma na manyan haruffa. Sai ya yago 'yar takarda daga littafin rasit ya sa a ƙarƙashin bakin, yana sauke kan injin kaɗan kaɗan da wani rimot mai waya yana jan takardar, har sai da ta fara kamawa, yace nan ne sifili, daga nan injin zai ƙirga zurfi. Na tambaye shi me yasa duk wannan, yace in aka yi kuskuren kaurin takarda biyu siraran layuka zasu ɓace ko suyi kauri, shi yasa ma dole fuskar katakon ta zama a miƙe, in gefe ɗaya ya fi tudu rubutun can zai fi na nan ƙiba. Kafin ya danna na ce a nuna min sunan fayil ɗin, aka goge tsohon a gabana.

Ƙarar kam sai ka toshe kunne, yace juyi 18,000 yake a minti. Amma kallon, kai. Bakin baya bin harafi da zurfi ɗaya, inda layin yake da faɗi sai ya nutse, inda ya sirance sai ya taso a hankali har ya fita a tsini kaman an ja da alƙalami, shi yasa rubutun ke fitowa kaman na gwanin masassaƙi ba kaman na inji ba. Kuma baya bin layi yanda mutum zai rubuta, sai ya yi harafi a nan ya tsallaka can ƙarshe ya dawo, ina ta zullumi ko ya manta wani. Ƙamshin madaci ya cika wajen, ɗaci ɗaci a maƙoshi. Da ya zo kan ƙ ɗin jiƙansa na matso har ogan ya riƙe min riga, bakin ya hau sandar harafin ya kai sama ya lanƙwaso dama ya ɗaga, abin ko daƙiƙa uku bai kai ba. Akan wannan daƙiƙa ukun muka yi sati biyu.

Ana tsakiyar sunan Baba aka ɗauke wuta. Injin ya tsaya cak da bakinsa a cikin katako, gabana ya faɗi nace shikenan an sake. Ogan ko a jikinsa, yace kar kowa ya taɓa teburin, aka tada janareta, ya maida kan injin gida ya dawo dashi, rimot ɗin ya tambaya ko a cigaba daga inda aka tsaya, ya danna. Na duba wajen daga baya da fitilar waya, in ba an nuna maka ba bazaka gane ba, wani ɗan tabo ne kaman kan allura a cikin harafi ɗaya. Duka sassaƙar da tsayawar bata wuce minti hamsin ba.

Dabarar sitikar sai a lokacin na gane ta. Injin ya yanka ta tare da katakon, don haka ramin haruffan kawai ke buɗe, aka fesa baƙin fenti, ayar kuma ruwan gwal, da ya sha iska aka ɓare sitikar sai ga rubutu tsaf ba inda fenti ya malala. Cikin ƙananan haruffa irinsu a da e sai da yaron ya bi da tsinin reza yana ɗaga guntayen da suka maƙale, shi ɗin dai da ya min kuskure, kuma ya yi shi da natsuwa, har na bashi na shan ruwa muka shirya.

Inda basu kyauta ba kuma har yanzu ina jin haushi shine banish. Fuska da gefe suka shafa, bayan suka bari haka nan, ni kuma ban juya na duba ba sai da muka je ratayawa. Katako yana shan danshi da damina ya sake shi da hunturu, in gefe ɗaya a rufe yake ɗaya a buɗe to dole ya lanƙwashe, kuma haka akayi, wajen watan Janairu da iskar nan ta busar da komai sai naga gefen allon ya ɗan ɗago daga bango, kaman kaurin ɗan yatsa ƙarami. Bai tsage ba alhamdulillah, albarkacin busasshen katakon da muka wahala muka nemo, da damina ta dawo kuma ya koma kusan daidai. Sannan ramin ratayawa da suka yi a baya bai zauna a tsakiya ba, ya karkata kaɗan, sai da muka naɗe kwali muka cusa ta gefe ɗaya. Aikin da aka auna da kaurin takarda a gaba, a baya kuma an yi shi da ido.

In za'a tambayeni maki, sassaƙa da fenti goma bisa goma, sanin katako da gaskiyar mai wajen suma haka, cika alkawari huɗu, gamawa biyar. Duka duka abinda na kashe da katako da kuɗin napep da na yara ya tasar ma ₦60,000, kwana 15 maimakon 4. Zan koma? Zan koma, don Goggo ma tana son ayi na rijiyar da ta haƙa ma mijinta, sai dai ogan da kansa yace wannan tunda a waje zai zauna rana da ruwa kar a yi da katako, a nemi dutse ko ƙarfe. Wanda zai je dai ya tafi da rubutunsa a rubuce daidai, ya sa a buga masa a takarda girman allon ya karanta da ƙarfi, ya tsaya a goge tsohon fayil a gabansa, in an gama kuma ya juya bayan ya duba kafin ya cika kuɗi.

Satin da ya wuce na kira ogan akan maganar bayan allon, yace in sauko dashi bayan sallah zai shafa masa banish ɗin ya gyara ramin kyauta. Nace kwana nawa, yace kwana biyu Alhaji. Na faɗa ma malamin islamiyya ya sa ran sati biyu.